TSARABAR AREWA A BAKIN TEKU: Rumfunan Gado Na Hausawa A Fatakwal Da Anacha Da Inugu

Daga Wakilinmu

Tun kaka da kakanni Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ko ƙauyen da ke kusa ya je cin kasuwa, sai ya ƙullo ƙuli-ƙuli ko alewa saboda yara, balle a ce ya ƙetare Kwara ko ya sauke farali. Wannan ɗabi'a ita ce tsaraba, kuma duk wanda ya raina ta bai san zumunci ba.

Ashe kuwa ba mu kaɗai ke da ita ba. Baturen da ya gama kwangilarsa ta aikin mai a Fatakwal, ko injiniyan Jamus da ya yi aikin gada a Anacha, in ranar komawarsa gida ta matso, shi ma yakan shiga neman abin da zai riƙa wa iyalinsa. Haka nan attajirin Ibo da zai ziyarci ɗansa a Amurka. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, sau da yawa rumfar Bahaushe suke nufa, su sayi abin da aka jeme kuma aka ɗinka a Kano ko Sakkwato, watau fiye da mil 600 daga bakin teku, su tafi da shi a matsayin tsarabar Nijeriya.

Akasarin waɗannan rumfuna na gado ne. Uba ya kafa, ɗa ya karɓa, jika yana koyon ciniki a gefen tabarma. Amma a yau sana'ar tana cikin wani hali, kuma ya kamata jama'a su san abin da za a yi hasara idan aka bar ta ta mutu.

YADDA AKA FARA

Zaman Hausawa a Gabas ba na jiya ba ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwaye daga Arewa suka yada zango a Elele, cikin Jihar Ribas ta yanzu. Wasu sun bi kogin Kwara da jiragen ruwa suka sauka Anacha da kanwa da dawaki da tufafi, wasu kuwa sun zo ne cikin sojan Turawa.

Abin da ya buɗe hanya sosai shi ne gawayin ƙasa, watau kwal, wanda aka gano a wajen Udi cikin 1909. Domin a sami tashar da za a riƙa fitar da shi ne aka kafa Fatakwal, aka kuma raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na Ingila, a 1913. Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, daga baya ta miƙe har Kaduna. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai ya zama falke yana iya ɗora kayansa a Kano ya sauke su a bakin teku ba tare da ya shiga kwale-kwale ba.

Nan da nan unguwannin Hausawa suka kafu, kowace da masallacinta da Sarkin Hausawanta. A Inugu akwai su a wajen Owerri Road cikin Asata, ga kuma kasuwar Gariki. A Anacha sun yi ƙarfi a Bida Road. A Fatakwal kuwa ana samunsu a Diobu da Oyigbo da wasu wurare. Zaman ya yi daɗi har ta kai ga Malam Umaru Altine, Bafillatani daga Lardin Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu na farko lokacin da aka ba birnin wannan matsayi a 1956.

A wannan shekara ce kuma aka sami man fetur a Oloibiri, aka fara fitar da shi a 1958. Turawa suka cika Fatakwal. 'Yan kolin da ke yawo gida-gida a Barikin Turawa da ƙunshin kaya a bayan keke suka ga kasuwa ta buɗe, wasunsu suka kama rumfuna a bakin manyan masaukan baƙi. Daga cikin irin waɗannan ne gidajen da ke wannan ciniki yanzu suka samo asali.

CIKIN RUMFA

Wanda ya shiga irin wannan rumfa, hancinsa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Ƙanshin fatar da aka jeme da bagaruwa ba ya ɓoyuwa. A rataye ga jakunkuna da alabe da gafaka da takalma. A ƙasa ga tumtum ja da baƙi, an jibge su ba a cusa musu kome ba domin su yi sauƙin shiga akwati. A gefe ga buzu, ga maficin gashin jimina, ga malafa mai adon fata, ga takobi da wuƙa cikin kubensu. Kan tebur kuwa akwai tandun kwalli da faya-fayai masu launi da ƙoren da aka yi wa zane, sa'an nan ga farantan tagulla da duwatsun wuya na kwalba daga Bida, da zobban azurfa irin na Buzayen Agadas.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana da gidan da ya fito. Mai rumfa shi ne kan gaba, amma a bayansa akwai zuriya guda. Ƙanensa yana zaune a Kano, shi ne mai zagaya Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai, yana ba dukawa aiki, yana tattarawa. Ɗansa ko yaron gidansa shi ne mai rako kayan a mota. Matan gida da tsofaffi a ƙauye su ne masu saƙar faifai da ɗinkin hula. Can baya kuma ga majemi, ga marini, ga maƙeri. Saboda haka idan aka sayi jaka ɗaya a Fatakwal, kuɗinta yakan ratsa hannu biyar ko shida kafin ya gama tafiyarsa, kuma a kowane hannu akwai tukunyar da za a ɗora.

Yawancin wannan hulɗa ba a rubuce take ba. Baduku yana ba da kaya bashi domin ya san mahaifin mai karɓa, mai karɓa kuma ba ya cin amana domin ya san idan ya yi, sunan gidansu ne ya ɓaci daga Kurmi har Anacha. Wannan amana ita ce ainihin jarin rumfar gado, ta fi abin da ke rataye a bango daraja.

Yaro yakan fara ne da share rumfa da kaɗe ƙura. Sannu a hankali ya koyi sunayen kaya da inda aka yi su, ya iya harshen Ibo da Turancin kasuwa, ya san bambancin baƙon da ya zo kallo da wanda ya zo saye. Kafin a bar masa rumfa shi kaɗai, sai ya shekara da shekaru yana sauraron yadda mahaifinsa ke ciniki.

CINIKI DA SANIN NA GASKE

A nan ba a manna kuɗin kaya a jikinsu. Mai saye ya tambaya, mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, har a kai inda za a sallama. Baƙon da bai saba ba yakan ɗauka ana son a cuce shi ne, alhali kuwa a wurinmu taya kaya hira ce, kuma a cikinta ake sanin juna. Wanda ya yi haƙuri ya zauna a benci, sau da yawa yakan tashi da gyara.

To, amma yaya mai saye zai gane aikin hannu na gaske? Masu sana'ar suna da alamominsu. Fatar gaske tana da ƙanshinta, kuma idan aka juya cikinta za a ga gashi-gashin nama, ba yadi a manne ba. Jan da aka rina da karan dafi yana da duhu mai kwanciya a ido, ba ya ƙyalli irin na roba. Ɗinkin baduku, ko da ya ƙware, ba ya zama daidai wa daida kamar na inji, domin basilla da hannu ne suka yi shi. Farantin tagulla na Bida yana ɗauke da sawun guduma. Turkuɗi da sauran rinin shuni na karofi sukan bar ɗan baƙi-baƙi a tafin hannu idan aka murza. Hular da aka ɗinka da allura kuwa, a juya cikinta a ga inda aka ƙulla zare.

Akwai kuma gargaɗi biyu ga mai niyyar fita da tsaraba waje. Na farko, tun 1989 aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashen duniya, kuma Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta kare namun dajin da ke neman ƙarewa a Nijeriya. Na biyu, Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da tsofaffin kayan tarihi sai da izini. Mai rumfar kirki shi da kansa zai gaya wa baƙonsa haka, domin ba ya son a tsare masa mai ciniki a filin jirgin sama.

TSOHUWAR HULƊA DA JAMUS

Bajamushen da ya tsaya yana juya takobi a rumfar Bahaushe a Anacha, watakila bai san cewa kakanninsa da na mai rumfar sun daɗe da yin ciniki ba. A watan Fabrairu na 1851 wani matafiyi ɗan birnin Hamburg mai suna Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano. Ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani. A ƙiyasinsa, tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta sayar a waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, takalma kuwa na wuri miliyan 10.

Abin sha'awa shi ne, a cikin kasuwar ya tarar da kayan ƙasarsu. Akwai allurai da ƙananan kayan koli daga Nuremberg, akwai kuma ruwan takubba daga Solingen, waɗanda aka ratso Hamada da su a kan raƙuma. A Kano ake yi musu ƙota da kube, sa'an nan a sayar wa Buzaye da sauran jama'a. Ke nan takobi guda ya haɗa maƙerin Jamus da badukun Kano tun fiye da shekara 170 da suka wuce.

Ta wannan hanya ta Hamada ce kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta riƙa isa Turai. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take bi, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Aiki namu, suna na wani. Wannan kuskure ne da ya kamata ya zama darasi gare mu har gobe.

YADDA JAMUSAWA SUKA TSARE NASU

Su ma Jamusawa suna da kayan tsarabarsu na gargajiya, kuma yawancinsu a hannun gidajen gado suke. A yankin da suke kira Schwarzwald, watau Baƙin Daji, ana sassaƙa agogon bango na katako mai siffar ɗan gida, wanda idan awa ta cika sai wani ɗan tsuntsu ya leƙo ta taga ya yi kuka. Manoma ne suka fara haɗa agogo a can, a lokacin sanyi da ba a aikin gona, kamar dai yadda namu manoman ke komawa saƙa da jima da rani. A 1850 hukuma ta buɗe musu makarantar koyon haɗa agogo a garin Furtwangen.

A ƙauyen Seiffen kuma, da ma'adinin kuza ya ja baya, sai mahaƙa suka koma sassaƙa. Wajen 1870 wani masassaƙi mai suna Wilhelm Füchtner ya shahara da yin mutum-mutumin katako mai kamar soja ko sarki, wanda ake fasa ƙwallayen 'ya'yan itatuwa a bakinsa. Zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar a gidan, ɗa bayan uba.

Kwaikwayo mai araha daga masana'antun Asiya ya same su kamar yadda ya same mu. Abin da suka yi shi ne suka tsare sunansu. Masu agogon Baƙin Daji suna da ƙungiya mai ba da takardar shaida, kuma ba ta ba da ita sai ga agogon da aka haɗa a yankin. Sunan Solingen kuwa doka ce ta kare shi tun 1938, ba a buga shi a jikin wuƙa ko almakashi sai in can aka ƙera su. Bugu da ƙari, yaron da zai koyi sana'ar hannu a Jamus yakan yi wajen shekara uku a ƙarƙashin gwani, ya ci jarrabawa, a ba shi takarda.

Har ma tambarin nan na kayan Jamus da duniya ke girmamawa yanzu, asalinsa wulakanci ne. Ingila ce ta yi doka a 1887 ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da aka yi kaya, domin mutanenta su guji na Jamus, waɗanda a lokacin ake ganin na banza ne. Jamusawa suka gyara aikinsu, har tambarin ya koma abin alfahari.

ABUBUWAN DA KE CI WA SANA'AR TUWO A ƘWARYA

Matsala ta farko ita ce ta fata. Manyan kamfanonin jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna saye fatun awaki da tumaki masu kyau domin fitarwa waje, kuma ƙaramin majemi ba zai iya gasa da su ba. Ƙirgin shanu kuwa, mai yawa daga cikinsa a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda. Idan fata ta yi tsada, baduku yakan koma ga roba, kuma ran da baƙo ya gane an sayar masa da roba da sunan fata, ba shi kaɗai aka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari.

Ta biyu ita ce ta magada. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, ramukansa da yawa sun daina aiki. Matasa suna ganin jima da rini aikin wahala ne mai ƙazanta, sun gwammace acaba ko sayar da kayan waya. Ba a ga laifinsu ba, domin kowa inda zai ci abinci yake nema. Amma duk tsohon da ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi da ilmin da ba a rubuta shi a littafi ba.

Ta uku, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce ta zaman lafiya. Bayan kashe-kashen 1966 a Arewa, an umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su bar yankin, sa'an nan yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa Janairun 1970. Hausawa sun koma bayan yaƙi, suka sake kafawa daga tushe. A watan Fabrairu na 2006, bayan tarzomar Maiduguri, an yi ramuwar gayya a Anacha, aka yi hasarar rayuka da dukiya. A watan Oktoba na 2020 rikici ya taɓa Oyigbo. Daga watan Agusta na 2021 kuma aka shiga tilasta wa jama'a zaman gida ranar Litinin a jihohin Ibo, abin da ya jawo wa 'yan kasuwa na kowace ƙabila hasara.

Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, duk wanda ya ɗaga hannu a kan baƙo a Kano ko Kaduna, ya sani ɗan'uwansa da ke Anacha ne zai biya, haka kuma wanda ya taɓa Bahaushe a Anacha ya jefa ɗan'uwansa na Sabon Gari cikin haɗari. Mai tsaraba kuwa shi ne farkon wanda ke ji a jikinsa, domin baƙo ba ya zuwa garin da ake gudu.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba sai mun je Jamus aron tsari ba, muna da namu. Akwai Sarkin Dukawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Karofi, ga kuma Sarakunan Hausawa a garuruwan Kudu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da Cibiyar Binciken Fata da ke Samaru, Zariya, da ma'aikatun ciniki na jihohi, a fito da tambarin shaida wanda za a riƙa sa wa kowane aikin hannu na gaske, mai ɗauke da sunan garin da aka yi shi da na gidan da ya yi. Jakar Sakkwato ta amsa sunan Sakkwato, farantin Bida ya amsa sunan Bida. Wanda aka kama ya sa tambarin a jikin roba, ƙungiya ta hukunta shi tun kafin hukuma ta ji.

Haka nan ya kamata jihohin Arewa su ɗauki gwanayen dukawa da marina a matsayin malamai, a riƙa tura musu yara ana biyansu, a kuma ba yaran takardar shaida idan sun ƙware. Masu rumfuna su ma su yi wa kansu faɗa. Ribar yini ɗaya da za a ci da kayan jabu ba ta kai sunan da kaka ya shekara arba'in yana ginawa ba.

Mu kuma masu saye, da sauranmu. Manyanmu sukan cika akwati da tsarabar Dubai da ta Landan, amma idan za su yi wa baƙo kyauta sai su rasa abin ba shi na gida. Ma'aikatun gwamnati da kamfanoni da ke raba kyaututtuka a wajen taro, me zai hana su ba da aikin dukawanmu?

Saboda haka, ya mai karatu, idan hanya ta kai ka Fatakwal ko Anacha ko Inugu, ka nemi unguwar Hausawa, ka yi sallama a rumfar masu kayan fata. Ka zauna, ka tambayi inda aka yi abin da ke hannunka da wanda ya yi shi. Ka taya, amma kada ka taya tayin wulakanci, domin a bayan wannan jaka akwai majemin da ya yi kwanaki hannunsa cikin ruwan toka da bagaruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa wa sana'o'inmu na gado albarka, amin.